Jinyar ciwon damuwa a Maraɗi: aikin ƙwaya da aikin zaman magana

Sana'ata fataucin wake da aya. Ina saye a kasuwannin ƙauye na wajen Cadawa da Agye da Madarunfa, in tara a sito a nan Maraɗi, in loda wa manyan motoci su bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Dawanau ta Kano. Wanda ya san harkar ya san rabinta a kan amana take tafiya. Manomi ko ɗan kasuwar ƙauye ya ba ka kaya, ka ce masa sai mota ta dawo, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ba takarda, ba shaida, sunanka ne jinginarka.

A watan Yuni na 2023 Nijeriya ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuɗin da nake bin mutane a Kano suka zaizaye tun kafin in canza su zuwa sefa. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, ranar 30 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu. Ina da kaya a sito, ina da kaya a kan hanya, mafi yawansu kuma na mutane ne. Wake ba ya jiran a sasanta, ƙwari suka shige shi. Abin da na iya sayarwa na sayar da faɗuwa, sauran ya zama bashi a wuyana.

Ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Akwai waɗanda asararsu ta ninka tawa, suka yi salati, suka ci tuwonsu suka kwanta. Ni barci ne ya fara ƙaurace mini. Sai in farka tsakar dare, ido biyu har kiran asalatu, lissafi ɗaya yana ta juyawa: wane yana bina kaza, wane kaza, da wane ido zan dube su. Ƙirjina ya yi nauyi, tsakiyar kaina tana zafi, wani abu yana yi mini yawo a jiki. Abinci ya daina ɗanɗano. Na bar zuwa fadarmu ta shayi, daga baya na bar kasuwa, har jam'in masallacin ƙofar gida ya gagare ni don kada in haɗu da mai bina. A salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Hayaniyar ƴaƴana ta koma abin da ke sa ni tsawa. Abin da ya fi tsoratar da maiɗakina shi ne ranar da aka kawo albishir ƙanwata ta sauka lafiya, na ce madalla, fuskata ko motsi ba ta yi ba.

Inna ta ce hannu aka sa mini, tun da kasuwa ba ta rasa mahassada. An yi mini rubutu na sha, an yi hayaƙi, an kawo mai ruƙiyya ya yi karatu a kaina. Ban raina ko ɗaya ba, kuma karatun Alƙur'ani yakan sanyaya mini zuciya. Amma da dare ya raba sai ido ya bushe. A likitar unguwa an gwada jinina ba a ga zazzaɓin sauro ba, an auna tansiyo aka ce daidai take. Wani abokina, don tausayi, ya kawo mini ƴan ƙwayoyi ƙulle a leda daga wurin masu tallar magani, ya ce suna sa barci. Ƙanena, wanda malamin lakwal ne, ya karɓe su ya sa aljihu, ya ce, "Yaya, sai likita ya gani tukuna."

Majon likitar unguwar, wato babban ma'aikacin jinyarta, shi ne ya fara yi mini tambayar da ta dace. Ya ture takardun gwajin gefe ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da jin daɗin wani abu, ko da shayi ne?" Na rasa amsa. Ya rubuta takarda ya ce in kai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibiti.

Takardar ta daɗe a ƙarƙashin matashi. Duk ɗan Nijar ya san abin da ake nufi in an ce an kai wane Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, kuma ɗan kasuwar da aka ce ya taɓu, wa zai sake ba shi ko buhu ɗaya bashi? Limamin unguwarmu ne ya raba gardamar. Ya shigo duba ni, ya ji bayani, ya ce, "Alhaji, addu'ar nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yawaitawa ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, a cikinta har da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Da ƙaramin abu ne da bai nemi tsari daga gare shi ba. Shi ne kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Riƙe addu'arka, ka tashi ka je." Na so a ce kowane malami haka yake faɗa wa mutane. Da yawa ana ce musu ƙarancin tawakkali ne ke damunsu, su ɗora kunyar wannan a kan ciwon da suke ciki, su ƙara shigewa ɗaki.

Ƙanena ya ɗauke ni a babur da sassafe. Na zaci allura za a yi mini a sallame ni, sai na tarar da tambayoyi. Likitan ya sa ƙanena ya jira a waje, ya bi ni daki-daki: tun yaushe, yaya barci, yaya ci, na rame ko ban rame ba, ina iya lissafin kuɗi kamar da. Ya tambaya ko ina jin muryoyin da wasu ba su ji. Ya tambaya ko na taɓa yin wani lokaci da nake kwana ba barci amma ƙarfi ya yi mini yawa, ina surutu, ina ɓarin kuɗi ba lissafi. Daga baya ya gaya mini dalilin wannan tambayar. Akwai ciwon da ke cilla mutum sama ya dawo da shi ƙasa, kuma in aka ba mai shi maganin damuwa shi kaɗai, yana iya tunzura shi ya hau sama. Irinsu magani daban ake ba su, kamar litiyom, mai bukatar gwajin jini a kai a kai, ko Tégrétol, ko Dépakine, wanda ake kauce masa ga mace mai ciki ko mai shirin ɗauka saboda yana cutar da ɗan tayi. Ya tambayi giya, ya tambayi tramol, ya taɓa wuyana ko akwai maƙoƙo, ya sa aka yi wa zuciyata gwajin nan da ake liƙa wayoyi a ƙirji.

Sai ya matso da kujerarsa ya ce, "Alhaji, zan yi maka wata tambaya, kowa nake yi wa ita. Ka taɓa jin gara a ce ba ka duniya? Ka taɓa tunanin yi wa kanka lahani?" Raina ya sosu, domin musulmi nake. Amma na sha kwanciya ina fatan kada in wayi gari, ban kuwa taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce masa fatan mutuwa kam na yi, amma in ɗaga hannu a kaina, ban yi niyya ba, ban shirya komai ba. Bai zaro ido ba, bai yi mini wa'azi ba. Ya ce wannan yana cikin alamomin ciwon, in kuma ya ƙaru in zo nan take ko da ba ranata ba ce. Tun da abin ya fara, ranar na fara jin wani ya san nauyin abin da nake ɗauke da shi.

Ya kira ƙanena ciki ya ce ciwon damuwa ne, mai ƙarfi amma mai jin magani. Ma'auninsu shi ne baƙin ciki ko mutuwar sha'awa su riƙe mutum kusan kullum har aƙalla mako 2, su hana shi harkokinsa. Ni na wuce wannan da watanni. Ya ce a lokacin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 280 ke fama da shi, kuma a ƙasashe irin namu fiye da kashi 75 cikin 100 ba su samun wani magani. Da ƙanena ya fiddo ƙullin ledar nan, likita ya duba ya ce diyazefam ne, wato Valium. Zai sa barci a daren farko, amma ba ya taɓa ciwon, jiki kuma yana sabawa da shi cikin ƴan makonni har sai an ƙara yawa. Wanda ya daɗe a kansa ya yanke lokaci ɗaya yana iya shiga firgici da rawar jiki, wani har da jijjiga.

Magani biyu ya ajiye mini a kan tebur, kuma na ji daɗin da ya yi shawara da ni, bai yanke shi kaɗai ba. Na farko fulokzetin, wanda aka fi sani da Prozac, an fara sayar da shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1980. Da safe ake shan sa, yakan kawo tashin zuciya da ciwon kai a farko, wani lokaci ya ƙara hana barci. Na biyu amitiriftilin, a famasi a ce Laroxyl, tsohon magani ne tun farkon shekarun 1960, yana da arha in an sayi jenerik, wato maganin iri ɗaya marar sunan babban kamfani, kuma yana sa barci. Amma yana busar da baki, yana taurara bayan gida, yana kawo jiri in an miƙe da sauri, ba a ba mai ciwon zuciya, ana kuma gudun sa ga tsofaffi. In aka sha fiye da ƙima yana da haɗari ƙwarai. Da yake zuciyata lafiya take, rashin barci kuma shi ne ya fi cin jikina, muka tsaya a kan na biyun, bisa sharaɗi: zai rubuta kaɗan-kaɗan, maiɗakina ce za ta riƙe, ta ba ni da hannunta kowane dare, ta ɓoye inda yara ba su kai. Miligiram 25 aka fara, aka riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Ya ja mini kunne a kan abu ɗaya, wanda ba don shi ba da wataƙila ban kai ƙarshen jinyar ba. Wahalar maganin tana riga amfaninsa zuwa. Bushewar baki a daren farko za ta zo, sauƙin zuciya kuwa sai bayan mako 2 zuwa 4, kuma ba a yanke hukuncin ya yi aiki ko bai yi ba sai an ba shi mako 4 zuwa 6. Haka kuwa aka yi. Barci ne ya fara dawowa, barci mai nauyi wanda nake tashi daga gare shi jiki a mace, harshe ya ƙafe. Zuciya kuwa tana nan inda take. Inna ta dube ni ta ce wa maiɗakina, "Wanga magani na nasara kashe mashi jiki kawai yake." Ita kuma ta ce, "Inna, likita ya faɗa tun farko, a ƙara haƙuri." Su ne suka riga ni ganin canjin. Wata rana na nemi ƙarin tuwo. Wata rana kuma aka ji ina tambayar ƙanena nawa tiyar wake a kasuwa.

Akwai abin da maza ba su son faɗa, zan faɗe shi. Irin waɗannan magunguna suna iya raunana sha'awar iyali, wasu kuma suna sa ƙiba. Ciwon kansa ma yana kashe sha'awar. Na san mazan da suka jefar da maganinsu a ɓoye saboda wannan, alhali da sun buɗe baki da an rage musu ko an canza wani. Ni na faɗa wa likita, aka daidaita mini.

Jiki ya dawo, amma ƙafa ta ƙi kasuwa. Da na doshi hanyarta sai gabana ya faɗi in juyo. Na kai wa likita ƙara ina zaton zai ƙara ƙwaya. Ya ce, "Alhaji, ƙwaya ruwan sama ce, ta jiƙa maka ƙasa. Shuka kuwa sai ka fita da sungumi." Ya haɗa ni da masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki tare da su, saurayi sa'an ƙanena. Abin ya yi mini nauyi, in zauna in zazzage wa yaro cikina. Ya gane haka tun zaman farko. Ya gaishe ni gaisuwar manya, ya ce abin da aka faɗa a ɗakin a nan yake tsayawa, ya kuma ce shi ba nasiha zai yi mini ba, aiki za mu yi tare, mako-mako, mai farko mai ƙarshe.

Ya zana mini zobe a takarda. Zaman ɗaki yana ba tunani fili, tunani yana cinye ƙarfi, rashin ƙarfi yana ƙara zaunar da mutum. Ya ce ba za mu jira sai na ji sha'awar fita ba, domin a wannan ciwo sha'awa bayan aiki take zuwa. Ya tambayi abubuwan da nake yi da, muka zaɓi ƙanana: sallar asuba a jam'i, tattaki zuwa lambunan bakin Gulbi da la'asar, zama a fada ko na shayin farko ne kawai. Da ya ji ina da littafin lissafin kasuwa sai ya ce in buɗe sabon shafi. Kafin in fita in rubuta daga 0 zuwa 10 yadda nake zaton zan ji, in na dawo in rubuta yadda na ji. Ɗan kasuwa ba ya musu da abin da ya rubuta da hannunsa. Kusan kullum lambar dawowa ta fi ta fita. Ya kuma koya mini jan numfashi a hankali har ciki ya taso, a sake shi a hankali, na ƴan mintoci, duk lokacin da ƙirji ya ɗaure. Na ce zan haɗa da tasbihi, ya ce hakan ya yi.

Zaman da ya fi yi mini wuya shi ne na bashi. Ya raba takarda gida biyu: abin da ke hannuna, da abin da ba ya hannuna. Iyaka da naira da takunkumi suka tafi gida na biyu, ya ce waɗannan mu bar wa masu su. A gida na farko ya ce in rubuta sunan duk mai bina da abin da yake bina. Wata da watanni ina juya waɗannan lambobi a kai cikin dare, amma ban taɓa yarda na tara su wuri ɗaya ba. Hannuna yana rawa na rubuta. Jimillar tana da yawa, ba zan ɓoye ba, amma tana da iyaka, ga ta a ƙasan shafi an ja mata layi. Muka jera su bisa wanda ya fi matsuwa, ƙaramin manomi kafin babban Alhaji. Muka lissafa abin da zan iya sayarwa ba tare da na taɓa gidan da iyalina ke ciki ba, da abin da zan iya samu in na koma dillanci da kayan wasu kafin in sake tsayawa da ƙafata.

Sannan ya taɓo maganar da nake yi wa kaina cikin dare. Na gaya masa ita yadda take: na ci amanar mutane, kowa a kasuwa ɓarawo yake ɗaukata. Bai ce mini ba haka ba ne. Tambaya ya yi. "Alhaji, da abokin fataucinka ne iyaka ta rufe da kayansa, mi za ka kira shi?" Na ce wanda ƙaddara ta faɗa wa. "Kuɗin mutanen, gida ka saya da su ko aure ka ƙara?" Na ce ko ɗaya. "To wa ya taɓa ce maka ɓarawo da bakinsa?" Na duba na duba, ban samu kowa ba, domin ban ma bari kowa ya gan ni ba. Ya ce to abin da ke hannunmu zato ne, kuma zato ana gwada shi. Wannan hanya ta bin tunani a auna shi da hujja, wani likitan Amurka mai suna Aaron Beck ne ya tsara ta a shekarun 1960, bayan ya lura masu ciwon damuwa suna yanke wa kansu da duniya da gobensu hukunci mafi muni ba tare da sun bincika ba.

Muka zaɓi mutum ɗaya, wani dattijo a wani ƙauye kusa da Cadawa. Muka gwada maganar a ɗaki, shi yana matsayin dattijon, har da irin baƙar maganar da za a iya gaya mini. Ranar da na je, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya faru da abin da zan iya biya da lokacin da zan biya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, shirunka ya fi kuɗin ɓata mani rai. Na ɗauka ka raina ni ne." Ya kawo ayar nan ta 280 a Suratul Baƙara, cewa in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Ba duka ne suka yi haka ba. Wani ya tara mini jama'a a bakin rumfarsa, ya ce zai kai ni gaban hukuma, kuma yana da haƙƙinsa. Daren nan barcina bai yi daɗi ba. Amma da gari ya waye na je masallaci, na buɗe littafina, na ga sunan da ke biye. A ganina wannan safiyar ita ce babbar ribar zaman da muka yi, fiye da ranar dattijon.

An yi zama ɗaya da maiɗakina da ƙanena. Ita, don ta kare ni, duk wanda ya yi sallama sai ta aika yaro ya ce ba na nan. Masanin ya gode mata a kan ɗawainiyar da ta sha, ya kuma roƙe ta ta daina, domin kowace ɓuya tana ƙara wa tsoron ƙarfi.

Azumin 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, tsakiyar zafin Maraɗi, ga magani mai busar da baki. Na tambayi likita tun kafin a ga wata. Da yake sau ɗaya ake sha da dare, bai shafi azumin ba. Ya ce in sha da zarar an sauko daga asham don nauyin barcin ya ragu kafin sahur, in yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, in kuma jiri ya yi yawa in tuna marar lafiya yana da rangwame. Abin da ya hana shi ne in ajiye maganin don azumi. Na samu na yi azumina.

A daidai wannan lokaci ne aka buɗe iyaka, bayan CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu. Sai mutane suka riƙa cewa hanya ta buɗe, Alhaji ya warke. Ban yarda da wannan ba. Da an buɗe ta a watan Disamba, da ba ta same ni a tsaye ba, domin mutumin da ya kasa fita ƙofar gidansa ba zai loda mota zuwa Kano ba. Asara ce ta tayar da ciwon, amma da ya kama sai ya zama abin kansa, mai bukatar jinyar kansa.

Layin jiran likita ya koya mini abin da ban sani ba game da garinmu. Na ga wani saurayi da mahaifinsa ya riƙo, wuyansa ya sandare, hannunsa yana rawa, miyau yana zuba. Mahaifin ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru, ashe illar Haldol ce, maganin da ake ba masu jin muryoyi da ruɗewar tunani. Aka rage masa, aka haɗa masa da Artane mai rage wannan illar, da muka sake haɗuwa ya sake sosai. Na ga wata uwa da ta ce ɗanta ya yi shekaru a ɗaure a turke, yanzu allura ɗaya ake yi masa a wata, har noma yake yi. Irin wannan magani ba sabo ba ne, tun 1952 aka fara amfani da Largactil a Faris, amma har yau akwai gidajen da labarinsa bai kai ba. Mutane suna tasowa daga Dakoro, daga Mayahi, daga Tasawa, kuɗin mota ya fi kuɗin maganin. Da kuɗi ya yanke, ko marar lafiya ya ji sauƙi, sai a bari, bayan ƴan watanni a dawo da shi ya fi da muni. Wannan yana ci mini rai.

Mafita kuwa ba a ɓoye take ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan likitoci gane waɗannan cututtuka da fara maganinsu, ba sai an jira ƙwararre ba. A 2016 ta fito da wani tsarin zama 5 wanda ko wanda ba likita ba zai iya koya ya gudanar, kuma abin da ke cikinsa kusan shi aka yi da ni: numfashi, warware matsala ɗaya bayan ɗaya, komawa harkoki, jingina da mutane. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, bincike kuma ya nuna abin yana aiki. Mu da muke da fada a kowace kwana, da limamai, da ungozomomi, da tsofaffin da ake kai wa ƙara, ba mu rasa masu sauraro ba. Horo suka rasa, da sanin lokacin da za su ce wa mutum wannan sai likita.

Da na ji na koma daidai, na tambaya ko zan ajiye ƙwayar. Likita ya ce a'a. Ƙa'idar da suke bi ita ce a ci gaba da sha wata 9 zuwa 12 bayan alamomin sun tafi, domin wanda ya yanke da wuri ya fi saurin komawa ciki. Zaman magana ya ƙare tun da daɗewa, ni kuwa ina ta karɓar ƙwayata daga hannun maiɗakina kowane dare, ina zuwa a duba ni lokaci-lokaci. Da wa'adin ya cika, cikin 2025, aka fara ragewa mataki-mataki, ana barin makonni tsakanin kowane mataki. Maganin ba ya sa mutum ƙishirwarsa kamar Valium ko tramol, amma jiki ya saba da shi, in aka fizge lokaci ɗaya sai a ji tashin zuciya da ciwon kai da rikicewar barci. Ko da ragewar a hankali, a matakin ƙarshe na yi ƴan darare ina mafarkai barkatai, barci sama-sama. Na koma na faɗa, ya ce an san da wannan, in ba shi lokaci, in kuma ya zarce ko baƙin cikin ya biyo baya za a mayar da ni matakin baya. Bai zarce ba.

A zuwana na ƙarshe bai ce mini an gama har abada ba. Ya ce kusan rabin waɗanda ciwon ya taɓa kamawa sau ɗaya yakan sake dawo musu, don haka muka rubuta alamomina na farko, nawa na kaina: farkawa tsakar dare da lissafi, ƙauracewa fada, sallar asuba a ɗaki. Takarda ɗaya tana wurin maiɗakina, ɗaya tana wurin ƙanena, kuma na ba su izini a gaban likita cewa in suka ga biyu daga ciki sun haɗu sun wuce mako guda, su yi mini magana, in na ƙi ji su ɗauko ni su kawo. Ya ce in hakan ta faru ba sai na sake neman takarda daga likitar unguwa ba, in zo kai tsaye da katina.